Toshe Jijiyoyin Mahaifa Don Kashe Ƙari: Wace Mace Ya Dace A Yi Wa A Katsina?

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyar magance ƙarin mahaifa ta toshe jijiyoyin da ke kai masa jini, ba tare da an farka ciki ba. Ta kawo tarihin aikin da yadda ake yin sa da abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna, sannan ta auna shi da halin matan birnin Katsina. Matsayin takardar shi ne Katsina na buƙatar wannan hanya, amma domin mace takamaimiya: wadda zubar jini ya ƙarar, ta gama haihuwa ko ta kusa, kuma ta ƙi a cire mata mahaifa. Tallata shi a matsayin maganin rashin haihuwa zalunci ne, domin hujjar da ke hannu ba ta kai nan ba.

Gabatarwa

 Ƙarin mahaifa, wanda a bakin asibiti aka fi kira faibiroid, tsiro ne na naman mahaifa da ba kansa ba, kuma shi ne tsiron da ya fi kowane yawa a jikin mace. Binciken da Donna Baird da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2003, wanda aka yi da hoton ciki, ya nuna cewa kafin shekara 50 fiye da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata sun taɓa samun sa, fararen fata kuwa kusan kashi 70. A baƙar mace ya fi saurin fitowa, ya fi girma, ya fi yawa. Da yawa suna rayuwa da shi har tsufa ba su sani ba, kuma irin waɗannan ba su buƙatar kowane aiki. Maganarmu a kan wadda ya hana sakat ne. Mu ɗauki misalin irin matar da kowane likitan mata a garin nan ya sani, a ce tana zaune a Ƙofar Kaura, ta ba shekara 40 baya, tana da 'ya'ya biyar. Al'adarta da take kwana biyar ta koma kwana goma sha biyu, da guda-guda kamar hanta. Audugar kanti ba ta riƙe ta, sai ta ninka tsohon zane. Ta daina zuwa biki, ta daina zama a kan tabarmar mutane. Ta je wajen malami tana tambayar inda haila ta ƙare da inda jinin ciwo ya fara, domin a mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ce, ga salla ga azumi duk sun rikice mata. In ka ja fatar idonta ƙasa sai ka ga fari fat, in ta hau bene ɗaya sai haki. Cikinta ya tasa, maƙwabta suna cewa kwantaccen ciki ne, wata rana zai tashi. Kafin ta iso asibiti ta sha jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙin masu lasifika a kan mota har ba ta san adadinsu ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta samu kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, wato wannan mata tun kafin ƙarin ya fara zuƙar ta ba ta da rarar da za ta bayar.

Abin da aka saba shimfiɗa mata a asibiti biyu ne, bayan magungunan da ke rage jinin na ɗan lokaci. Ko a farka ciki a ɓantale ƙarin a bar mahaifa, ko a cire mahaifar gaba ɗaya. Na biyun shi ne maganin da ƙarin ba ya dawowa bayansa, kuma shi ne wanda matanmu suka fi gudu. Bai kamata mu yi wa wannan gudu kallon jahilci ba. Matar da ke zaune da kishiyoyi ta san abin da kalmar "an cire mata mahaifa" za ta zama a tsakar gida, ko da kuwa ba ta da niyyar sake haihuwa. Sau da yawa tana jin kalmar sai ta naɗe katinta ta koma gida, ba a sake ganin ta sai jini ya kayar da ita.

Yadda aikin ya samo asali da yadda ake yin sa

Tushen aikin dabarar likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin ne, Sven-Ivar Seldinger, wanda a 1953 ya nuna yadda za a zura siririn bututu cikin jijiyar jini ta hanyar allura da waya, ba tare da yanka ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara toshe jijiyoyin ƙugu don tsayar da jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. A Paris, likitan mata Jacques Ravina da abokansa na asibitin Lariboisière sun riƙa toshe jijiyoyin mahaifa kafin tiyatar ƙari domin a rage zubar jini a kan tebur, sai suka lura cewa wasu matan sun samu sauƙi tun kafin ranar tiyatar. A 1995 suka wallafa sakamakon mata 16 a mujallar Lancet, inda toshewar ita ce maganin kanta. A 1997 Scott Goodwin da Bruce McLucas suka ba da rahoton nasu daga Los Angeles, kuma a Nuwamban 2004 aka yi wa Condoleezza Rice wannan aiki a asibitin jami'ar Georgetown, kwanaki kaɗan bayan an zaɓe ta ta zama sakatariyar harkokin wajen Amurka. Aikin ya daɗe a duniya, ya wuce matakin gwaji.

A wajen aikin, marar lafiya tana kwance idonta biyu, an ba ta abin da zai kwantar mata da hankali. Likita zai kashe fatar matsematsinta ta dama, ko ta wuyan hannun hagu, ya huda jijiya da allura. Hujin bai kai faɗin ƙwayar wake ba. Ta nan zai tura bututu mai kaurin tsinken tsintsiya, yana kallon tafiyarsa a allo ta na'urar hoto mai motsi, yana fesa ruwan rini da ke sa jijiyoyi su fito baƙi kamar saiwar bishiya. In ya shiga jijiyar mahaifa ta hagu, allon zai nuna yadda ƙananan jijiyoyi suka naɗe ƙarin kamar zare a jikin ƙwarya. Sai ya fara tura ƙananan ƙwayoyi na roba, kowace tsakanin rabin milimita da ƙasa da milimita ɗaya, kamar yashi mai laushi, a hankali, har gudun jinin ya yi sanyi. Ya janyo bututun ya shiga ta dama ya maimaita, domin in aka toshe ɓangare ɗaya kawai ɗayan zai ci gaba da ciyar da ƙarin. Yawanci awa ɗaya ko ɗaya da rabi an gama. Ba ɗinki, sai a danne wurin a manna filasta.

Tambayar da kowa ke yi ita ce me ya sa mahaifar ba ta mutuwa tare da ƙarin. Dalili shi ne naman mahaifa yana da wasu hanyoyin samun jini, daga jijiyoyin gidan ƙwai da na farji, kuma cikin sa'o'i yake farfaɗowa. Ƙari ba shi da wannan gata. Jijiyoyin da ke kewaye da shi sun fi faɗi, su ke janye ƙwayoyin, kuma in sun toshe ba shi da ƙofar baya. Sai ya mutu a inda yake, ya yi laushi, ya motse cikin watanni. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga likitocin tiyatarmu. A asibitocin Nijeriya an daɗe ana ɗaure gindin mahaifa da robar fitsari yayin cire ƙari domin a hana jini kwarara. Bambancin shi ne ɗaurin na mintuna ne kuma sai an buɗe ciki, toshewa kuwa daga cikin jijiya take kuma tana zama.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin REST, wanda aka yi akasari a Sikotland aka wallafa a New England Journal of Medicine a 2007, ya raba mata 157 tsakanin toshewa da tiyata. Waɗanda aka toshe wa sun kwana ɗaya a asibiti a tsaka-tsaki, na tiyata kwana biyar, kuma bayan shekara guda ingancin rayuwarsu bai bambanta ba. Sai dai bayan shekara biyar kashi 32 cikin ɗari na waɗanda aka toshe wa sun buƙaci wani aikin, a ɓangaren tiyata kuwa kashi 4. Gwajin EMMY na ƙasar Holan, mai mata 177, ya kwatanta toshewa da cire mahaifa ta hanyar raba su da ƙuri'a, ya bi matan shekara goma: kusan ɗaya cikin uku an cire musu mahaifa daga baya, biyu cikin uku sun tsira da tasu. Ana iya karanta wannan lamba ta fuska biyu, kuma ni ina karanta ta da idon matar Ƙofar Kaura. A Holan, dukan matan da suka shiga gwajin sun yarda a cire musu mahaifa in ƙuri'a ta faɗa haka. A nan kuwa abin da toshewa za ta maye gurbinsa sau da yawa shi ne komawa gida da zubar jini. In biyu cikin uku na irin waɗannan mata za su warke da mahaifarsu, ribar ta fi wadda aka auna a Turai.

Bayan tsira da mahaifa, hujjata ta biyu jini ce. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin mata ya san tiyatar babban ƙari ba ta farawa sai dangi sun kawo ledojin jini, kuma ya san yadda ake ɗage aiki mako bayan mako saboda ba a samu ba, ko saboda jinin matar ya yi ƙasa da yadda likitan barci zai yarda. Kafin a cike mata, wata al'adar ta zo ta kwashe. Toshewa kusan ba ta zubar da jini, ba ta buƙatar allurar barci ta gaba ɗaya, kuma mafi yawan mata, kusan takwas zuwa tara cikin goma a rahotannin da aka tara, suna ganin jinin al'ada ya ragu. Ga mai hawan jini, ko mai ciwon zuciya, ko wadda aka taɓa farka cikinta sau biyu uku hanji ya manne, wannan bambanci ne mai girma.

Iyakar da bai kamata a tsallake ba

A nan ne nake rabuwa da masu tallar aikin. Jihar Katsina ce ta fi kowace jiha yawan haihuwa a ƙididdigar 2018, 'ya'ya 7.3 ga kowace mace. An san cewa yawan haihuwa yana rage haɗarin ƙari, saboda haka wani babban kaso na masu zuwa asibiti da shi su ne waɗanda haihuwar ta yi wa wuya: mai shekara 32 da ta yi shekara takwas da aure ba ɓatan wata, ko wadda ta haifi ɗaya shiru ya biyo baya. Wannan mata in ta ji an ce "ba za a taɓa mahaifarki ba", abin da kunnenta ke ji shi ne "za ki haihu". Za ta sayar da gona da sarƙa ta zo. Amma barin mahaifa a ciki daban, barin ta da ƙarfin ɗaukar ciki daban. Michal Mara da abokansa a birnin Prag sun raba mata 121 masu son haihuwa tsakanin toshewa da cire ƙari, suka wallafa a 2008. Cikin waɗanda suka nemi ciki, kashi 78 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun samu, na toshewa kashi 50, kuma ɓari ya fi yawa a ɓangaren toshewa. Gwajin ƙarami ne, ba zai rufe magana ba, amma shi ne wanda ya fuskanci tambayar kai tsaye. Gwajin FEMME na Birtaniya, mai mata 254, wanda aka wallafa a 2020, ya samu cewa ɓangarorin biyu duk sun ji sauƙi sosai, amma bayan shekara biyu waɗanda aka cire wa ƙari sun ɗan fi, kuma cikin da aka samu a gwajin bai kai yawan da za a yanke hukunci da shi ba. Akwai dalilai na jiki da ke sa a yi hattara. Wasu ƙwayoyin suna iya bi ta mahaɗar jijiyoyi su isa gidan ƙwai, al'ada ta ɗauke kafin lokacinta, abin da ya fi faruwa ga wadda ta wuce shekara 45 amma ba a rasa shi a ƙasa da haka. Shimfiɗar cikin mahaifa, inda ɗan tayi ke maƙalewa, ita ma tana iya samun rauni. An haifi yara lafiyayyu bayan toshewa, ba a musun wannan. Duk da haka, ga matar da babban burinta goyo, cire ƙari ta tiyata shi ne zaɓin farko, kuma likitan da ya karkatar da ita daga wannan saboda yana da sabuwar na'ura ya ci amanarta.

Ƙorafe-ƙorafen da suka cancanci amsa

Na farko shi ne matanmu suna zuwa a makare, da mahaifa mai girman cikin wata shida ko bakwai. Wannan gaskiya ne, kuma lissafi yana bayan mai ƙorafin. In an ce ƙari ya ragu da rabi, ana nufin rabin cikarsa, ba rabin faɗinsa ba. Ƙari mai faɗin santimita 10 in cikarsa ta ragu da rabi zai koma kusan santimita 8. Wadda damuwarta jini za ta gode, wadda damuwarta tulun ciki da yawan fitsari za ta iya cewa ba a yi komai ba. Haka nan mataccen nama mai yawa yana iya ruɓewa, musamman ƙarin da ke leƙe cikin kogon mahaifa, wanda kan faɗo gunduwa-gunduwa da ruwa mai wari na makonni. A 1999 Lancet ta wallafa labarin matar da ta rasu a Ingila sakamakon gubar jini bayan toshewa. Abin ba ya yawan faruwa, amma amsarsa cire mahaifa cikin gaggawa ce. Abin da wannan ke nufi shi ne a tace waɗanda za a yi wa, kuma kada a sallami matar da za ta koma Jibiya ko Batsari ba tare da lambar wayar da za a ɗauka da tsakar dare ba.

Na biyu, toshewa ba ta fitar da nama a kai ɗakin gwaji. Akwai wata kansar naman mahaifa da ke kama da ƙari a hoto, ba ta da yawa amma tana kisa. Abin da ya fi wannan kusa da mu shi ne kansar bakin mahaifa, ta biyu a yawa tsakanin matan Nijeriya bayan ta mama. Mace mai shekara 46 da ke zubar jini tana iya ɗauke da ƙari da kansa a lokaci guda, a ga ƙarin a hoto a ɗora masa laifi. Saboda haka ba a toshe jijiyar kowa sai an duba bakin mahaifa da ido, an ɗebi samfurin shimfiɗar ciki in shekarunta ko yanayin jinin sun nuna, an kuma yi hoton maganaɗisu inda hali ya yi. Sai zafi, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Daren farko ciwon mara ne mai tsanani, wasu da zazzaɓi da amai, kuma farasitamol ba ya taɓa shi. Asibitin da ba ya iya tabbatar da allurar mofin a wannan dare bai shirya ba.

Na uku shi ne kuɗi, kuma shi ya fi nauyi. Na'urar hoton jijiyoyi tana son wuta mai ƙarfi da ba ta yankewa, da injiniyan da zai gyara ta, kuma bututai da ƙwayoyin duk da dala ake shigo da su, ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023. A yau aikin ya fi samuwa a asibitocin kuɗi na Legas, wanda ga matar Ƙofar Kaura bai da bambanci da Indiya. Mai ƙorafi zai ce: a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta yi asarar mata kusan 82,000 wajen haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, da wane ido za a kashe kuɗi a kan wannan? Zai kawo misalin gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, inda leda mai auna jini da haɗa magungunan da aka riga aka sani suka rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Na yarda cewa wannan shi ne gaba, kuma ba zan ce na'urar toshewa za ta ceci mai naƙuda a ƙauye ba. Amma ɗakin hoton jijiyoyi ba na ƙari kaɗai ba ne. A cikinsa ake buɗe hanyar fitsari ga wanda ƙodarsa ta toshe, a zuƙe mugunya daga hanta ba tare da yanka ba, a sa bututun wankin ƙoda, a tsayar da jinin wanda ya yi haɗarin mota, a taimaki matar da mabiyiya ta manne wa mahaifa. In aka lissafa shi a matsayin kayan asibiti gaba ɗaya, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, tare da karɓar marasa lafiya daga Asibitin Turai da Babban Asibiti na birnin nan, lissafin ya canza. Kuma sai inshorar lafiya ta jiha da ta tarayya sun ɗauki wani kaso, in ba haka ba matan manya kaɗai za su amfana.

Na'ura kuma ba ta aiki da kanta, kuma mun ga isassun na'urori a rufe cikin kwali. A Tanzaniya, Asibitin Ƙasa na Muhimbili ya fara horar da likitocin wannan fanni a 2018 ta shirin Road2IR, inda tawagogi daga jami'o'i irin su Yale da Emory ke zuwa bi da bi suna koyarwa a kan marasa lafiyar ƙasar, har ɗaliban farko suka kammala suka zama masu koyarwa. Katsina ma tana da nata misalin a bayan gari. Dakta Kees Waaldijk ya zo Babbar Ruga a 1983 domin kuturta, ya fara ɗinkin yoyon fitsari, kuma abin da ya mayar da wurin cibiyar ƙasa shi ne horar da likitoci da nas-nas da rubuta bayanin kowace mace da aka yi wa aiki. Irin wannan rubutu ne ya kamata mu fara da shi tun kafin a sayi komai. Ɗakunan mata na manyan asibitocin birnin nan su buɗe rajista guda ta shekara ɗaya: shekarun mace, yawan haihuwarta, ko tana neman wata, girman mahaifa, ƙarfin jininta ranar da ta zo, abin da aka ba ta shawara, da ko ta dawo. Layin ƙarshe, na waɗanda aka ce a cire musu mahaifa suka tafi ba su dawo ba, shi zai gaya wa gwamnati mata nawa wannan ɗaki zai yi wa aiki, kuma shi za a ɗora a kan tebur ranar kare kasafin kuɗi.